Majinyacin da Ya Koma Ɗalibin Cutarsa

A shekarar 1995 aka gano ƙari a ƙwaƙwalwar Ben Williams, farfesan nazarin halayyar ɗan Adam a Jami'ar Kalifoniya da ke San Diego. Glioblastoma ce, kansar da ke miƙa saiwoyi cikin lafiyayyen nama har wuƙar likita ta kasa kwashe ta duka. Da aka gama masa tiyata, sai ya duƙufa karatun mujallun likitoci. Ya riƙa ƙara wasu magunguna a kan waɗanda aka rubuta masa, har da tamoxifen na kansar mama da verapamil na hawan jini. Ya haura shekara ashirin a raye.

Labari ne mai daɗin ji, shi ya sa nake ɗari-ɗari da shi. Waɗanda suka bi irin hanyarsa suka rasu ba mu ji labarinsu ba.

Duk majinyacin da ya shiga wannan karatu, zai fara cin karo da binciken Roger Stupp na 2005. An raba majinyata 573 gida biyu. Waɗanda aka yi wa gashi kaɗai, tsaka-tsakin rayuwarsu wata 12.1 ne, waɗanda aka haɗa wa da ƙwayar temozolomide, wata 14.6. Nan da yawa ke ajiye takardar, gwiwa a sanyaye. Alhali ba wa'adi aka yanka wa kowa ba: rabin mutanen sun wuce wannan adadi. Bayan shekara biyar, kusan kashi 10 cikin ɗari na masu shan ƙwayar suna raye, a ɗaya gidan kuwa kashi 2. Daga cikin dalilan da suka sa ci gaban ke tafiyar hawainiya, akwai shinge tsakanin jini da ƙwaƙwalwa da ke tare yawancin magunguna.

Richard Scolyer, masanin kansar fata a Ostireliya, shi ma ya kamu da wannan cuta a 2023. Abokiyar aikinsa Georgina Long ta ɗauko dabarar da suke amfani da ita kan kansar fata, wato a zaburar da garkuwar jiki kafin tiyata, aka fara gwadawa a kansa. Tun farko su da kansu suka ce mutum ɗaya ba hujja ba ne, sai an gwada kan jama'a da dama. A watan Maris na 2025 ƙarin ya dawo, bayan kusan shekara biyu.