Me Ke Kashe wa Ɗalibi Gwiwa a Darasin Shirya Manhaja?

A makarantu da dama tsakanin Gusau, Tsafe da Bunguɗu, ɗalibi kan shiga darasin shirya manhajar kwamfuta cike da ɗoki, amma kafin zango ya ƙare sai jikinsa ya yi sanyi. Malami ya rubuta umarni a allo, yara su kwafa, su haddace domin jarrabawa. Ga ƙarancin na'urori, ga ɗaukewar wuta. Wani har ya gama shekara bai taɓa ganin umarninsa ya yi aiki ba.

Akan ɗora laifin a kan tsoron lissafi, alhali ba nan gizo ke saƙa ba. Shirya manhaja tamkar saƙa ce ko ƙira: sai an gwada, an ɓata, an gyara. A 1967 Seymour Papert da abokan aikinsa a Amurka suka ƙirƙiro harshen Logo, wanda daga bisani aka haɗa shi da ɗan kunkuru mai bin umarnin yaro yana zana layi. In yaron ya yi kuskure, nan take kunkurun zai karkace, ya ga aibin da idonsa. Takarda kuwa ba ta nuna wa kowa kuskurensa.

Sai kuma batun misalai. Wanda aka sa shi jera lambobin da ba su shafe shi da komai ba, da wuya ya ɗore. A ba shi lissafin zakkar hatsi: idan amfanin ya kai nisabi, kuma ruwan sama ne ya raya gonar, a fitar da ɗaya bisa goma, idan da wahalar ban-ruwa aka noma, ɗaya bisa ashirin. Sharaɗi biyu ke nan, ɗaya cikin ɗaya, kuma ɗan manomi ya san amsar tun daga gida, don haka shi da kansa zai kama na'urar in ta kauce.

Tun daga 2015 da kwamfuta ake rubuta jarrabawar JAMB, kuma Jami'ar Tarayya ta Gusau, wadda aka kafa a 2013, tana da kwas na kimiyyar kwamfuta. Inda babu ɗakin na'urori, wayar hannu ta Android na iya ɗaukar harshen Python, har ɗalibai huɗu ko biyar su zagaye waya guda suna gwada lissafin zakkar bi da bi.