Kayan Sauke Reshe: Me Za a Duba Kafin a Saya?

Idan za a sare reshen darbejiya da ya yi rumfa a kan rufin gida, ɗaure shi ake yi da igiya a zuro shi ƙasa a hankali. Ƙarfen da igiyar ke ratsawa shi ne abin lura.

Kayan kirki suna ɗauke da lamba: ko nauyin da aka yarda su riƙa ɗauka, ko nauyin da zai karya su. Kada a rikita su, don na farkon kan kasance kashi 1 cikin 5 na na biyun. Ƙugiyar da ba ta da lamba, komai kaurinta, a bar ta a kasuwa.

Fulin da aka rataya a sama, wato tayar da igiya ke bi ta kai, yana ɗaukar kusan ninki biyu na nauyin reshen, domin igiyar tana jansa ta ɓangare biyu. In reshen ya faɗo kafin igiya ta cafke shi, fizgar ta fi haka nesa.

Kada a sauke itace da igiyar da mutum ke hawa da ita. A kuma riƙa duba lafiyar kayan: a Birtaniya ma wata dokar 1998 ta wajabta binciken kayan ɗaga nauyi lokaci-lokaci. Ƙarfen da ya tsage ko ya lanƙwashe, a yar da shi.