Alfaharin Amurka da Bindigar Maigida

  

Zancenmu na yau ya taso ne daga saƙon wata baiwar Allah da ke Farfaru, a ƙaramar hukumar Jibiya, can bakin iyakarmu da Nijar. Ta ce maigidanta ya ƙudura sai ya sayi bindiga ya ajiye a gida saboda ɓarayin daji. Da ta nuna tsoronta, sai ya ce mata: "Ke me kika sani? Ko a Amurka, ƙasar da ta ci yaƙin duniya, kowa da bindigarsa, shi ya sa babu mai taɓa su." Ta ce ita dai tana cikin gida, ba ta da ta cewa, amma tana da yara 5, babbansu namiji ɗan shekara 14, ƙaramarsu kuma yanzu take rarrafe. Shi ne take tambaya, wai gaskiya ne abin da ya faɗa?

'Yar'uwa, maganar maigidanki tana da gaskiya a ciki, sai dai rabi ce. Ya haɗa zance biyu wuri guda, na yaƙi da na bindiga, kuma haka su ma Amurkawa da yawa suke haɗa su in suna alfahari da ƙasarsu. Bari mu ware su ɗaya bayan ɗaya.

Mu fara da yaƙin. Yaƙin Duniya na Biyu, wanda kakanninmu ke kira yaƙin Hitila, an fara shi a 1939 aka gama a 1945. Amurka ba ta shiga ba sai a watan Disamba na 1941, bayan Japan ta kai wa jiragen ruwanta hari. Da ta shiga kuwa ta taka rawa babba, wannan babu musu. Ta ƙera jirage da motoci da makamai masu ɗimbin yawa, ta ba ƙawayenta abinci, ta kuma rasa sojoji fiye da 400,000. To amma in Ba'amurke ya bugi ƙirji ya ce su suka ceci duniya, sai mutumin Ingila ya ce ina kuke shekaru biyun farko da Jamus ke yi mana ruwan bama-bamai? Shi kuma mutumin Rasha ya ce ku duka ku yi shiru, domin Tarayyar Sobiyet ta rasa mutum wajen miliyan 27, kuma a fagen da sojojinta suka yi daga ne akasarin sojojin Jamus suka halaka. Wannan gardama har yau ba ta mutu ba a tsakaninsu.

Abin da ya sa na kawo miki wannan shi ne, a duk cacar bakin nan da wuya ki ji an ambaci namu. Alhali kuwa 'yan Afirka fiye da miliyan 1 ne suka sa kaki a wannan yaƙi. Daga Nijeriya an ɗebi samari dubbai, da yawansu 'yan Arewa, har ma Hausa ce harshen da sojojin ke magana da shi a tsakaninsu. A 1941 sun yaƙi Italiya a Somaliya da Habasha. Daga 1943 aka riƙa loda su a jirgin ruwa zuwa Indiya, daga nan zuwa dajin Bama, inda runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma suka gwabza da Japanawa. Daji ne mai duhu da ruwan sama da sauro, babu hanyar mota, sai dai a ɗauki kaya a ka, abinci kuma jirgin sama ke jeho musu. A watan Janairu na 1945 suka karɓe garin Myohaung. Sarkin Katsina Usman Nagogo da kansa ya yi tattaki har can ya duba su. In kin taɓa jin ana cewa barikin Chindit a Zariya, ko barikin Arakan a Legas, to sunayen duk daga yaƙin Bama suka samo asali.

Waɗanda suka rage a gida ma ba su huta ba. An matsa wa manoma su ƙara noman gyaɗa don Ingila na bukatar mai, kuma kin san wa ke ɓarar gyaɗar nan, mu ne mata. An kwashi maza da ƙarfin tsiya zuwa haƙar kuza a ƙasar Jos daga 1942 zuwa 1944, da yawa sanyi da cuta suka kashe su a can. Filin jirgin sama na Kano ya zama zangon jiragen yaƙi masu wucewa zuwa Masar. Tsallaken iyaka kuma, Faransa ta ɗebi nata sojojin daga ƙasashen da take mulka, har da Nijar. Da waɗansunsu suka dawo suka nemi haƙƙinsu a barikin Thiaroye kusa da Dakar, ranar 1 ga Disamba 1944, sai aka buɗe musu wuta. Namu na wannan ɓangaren ma, kuɗin sallamar da aka ba su bai kai na Bature ba, ko da muƙaminsu ɗaya.

Kin ga ke nan, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Yaƙin nan taron dangi aka yi masa, sai dai mai babbar murya da kamfanonin fim shi ne labarinsa ya fi yawo. Wata ƙila a gidanku ko a unguwarku akwai tsohuwar da mahaifinta ya je Bama. Ki tambaye ta, ki kuma sa yaranki su zauna su ji. Darasin farko ke nan: mai alfahari yakan faɗi abin da ya samu, ya manta da waɗanda suka biya.

To, haka zancen bindigar ma yake. Gaskiya ne a tsarin mulkin Amurka akwai gyara na biyu, wanda aka zartar a 1791, da ya ba jama'a damar mallakar makami. Asalinsa shi ne, da bindigoginsu suka kori mulkin Ingila, don haka suke ganin bindiga alamar 'yanci ce, kuma garkuwa ce ko da gwamnati ta zama azzaluma. A 2008 kotun ƙolinsu ta tabbatar cewa mutum na da ikon ajiye bindiga a gidansa don kare kansa. Wani ƙiyasi da aka fitar a 2018 ya nuna akwai bindigogi wajen miliyan 393 a hannun farar hula a ƙasar, wato sun fi mutanen yawa. Sai dai ba kowa ke da ita ba kamar yadda maigidanki ya ce. Fiye da rabin gidajen ƙasar babu bindiga, waɗansu ne suka tara da yawa.

Masu goyon bayan bindiga a can suna da hujjarsu, kuma ya kamata mu ji ta. Manomin da ke zaune nesa da gari yana cewa kafin ɗan sanda ya iso an gama da shi. Suna kuma cewa ɓarawo ba ya neman lasin, saboda haka in an hana, mutumin kirki kaɗai aka hana. Ashe ba irin maganar da mazanmu ke yi a Jibiya da Batsari da Safana ba ke nan?

Yanzu ga rabin da ba a gaya miki ba. A shekarar 2021 kaɗai, mutum fiye da 48,000 bindiga ta kashe a Amurka, ƙasar da ba yaƙi ake yi a cikinta ba. Fiye da rabinsu kuma ba ɓarawo ne ya harbe su ba, su suka harbe kansu, a lokacin baƙin ciki ko ciwon damuwa, don makamin na kusa da hannu. A 2020 bindiga ta zarce haɗarin mota wajen kashe yara da matasa a ƙasar. A Disamba 2012 wani saurayi ya ɗauki bindigogin mahaifiyarsa, ya fara kashe ta, sannan ya shiga makarantar firamare ta Sandy Hook ya kashe yara 20 da manya 6. A Mayu 2022 an sake irin haka a garin Uvalde, yara 19 da malamai mata 2. Akwai kuma binciken da aka buga a can a 2003, wanda ya shafe mu kai tsaye: matar da mijinta ke dukanta, in yana da bindiga a hannu, haɗarin ya kashe ta ya ninka kusan sau 5. Shi ya sa iyaye mata na sahun gaba cikin masu fafutukar a tsaurara dokar bindiga a Amurka. Ke nan su kansu bakinsu bai zo ɗaya ba.

Mu dawo gida. Ba zan ce miki tsoron maigidanki na banza ne ba, Allah ya kiyaye in faɗi haka. Tun bayan faɗuwar gwamnatin Gaddafi a Libiya a 2011 makamai suka bazu cikin Sahara, waɗansu suka gangaro ta Nijar har dazukanmu. An rufe iyakokin ƙasa a Agusta 2019, ta Jibiya ba a buɗe ta ba sai a 2022, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023 har zuwa Maris 2024. Amma rufe ƙofar kwastan bai toshe hanyoyin daji ba. Mun ga yadda aka kwashe ɗalibai fiye da 300 a Ƙanƙara a Disamba 2020. Mun ga ƙauyukan da suka watse, da matan da suka sayar da gado da kwanukan jere don biyan kuɗin fansa. Abin ya kai a 2021 gwamnan Katsina na lokacin, Aminu Bello Masari, ya fito ya ce jama'a su nemi makami su kare kansu. A Yuni 2022 gwamnatin Zamfara ta Bello Matawalle ma ta ce a nemi lasin riƙe bindiga. A Oktoba 2023 kuma Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma ta jiha, wadda aka horar, aka kuma san sunan kowa a cikinta.

Sai dai ki lura, maganar gwamna ba ita ce doka ba. Dokar makamai ta Nijeriya, wadda ta samo asali tun 1959, ba ta ba kowa 'yancin riƙe bindiga kamar ta Amurka ba. Bindigar yaƙi irin AK-47 haramun ce ga farar hula. Ta farauta mai baki ɗaya ko biyu sai da lasin daga hukumar 'yan sanda. Wanda aka kama da bindiga ba takarda, gidan yari ke jiransa, kuma a yankin da ake fama da ɓarayin daji, kafin ya wanke kansa daga zargin yana tare da su ya sha wuya. Sannan mun gani da idonmu yadda waɗansu 'yan sa-kai suka kashe wanda bai ji ba bai gani ba, su kuma 'yan bindiga suka dawo ramuwa a kan ƙauye duka. In aka yi ramuwar nan, wa ake tararwa a cikin gida? Mu da yaranmu.

To me za ki yi, ke da kike cikin kulle? Kada ki ce ba ruwanki, domin bindigar nan in ta shigo, maigida zai fita kasuwa ko gona ya bar ta, ke za ki wuni da ita. Ki nemi lokacin da ransa ke sanyi, bayan ya ci ya ƙoshi, ba a gaban yara ko abokiyar zama ba. Ki fara da nuna masa kin san don ku yake wannan tunani, ki yi masa godiya. Sannan ki tambaye shi cikin ladabi: Malam, akwai lasin? A hannun wa za a saya? Mai gari ya sani? Ba zai fi ba a haɗa kai da jami'an tsaron da hukuma ta sani, maimakon kowa ya yi gaban kansa? In abin ya fi ƙarfinki, ki sa babban wansa ko limamin unguwa ya yi masa magana.

In kuwa ya riga ya kawo ta, to ki tsaya a kan abu uku. Na ɗaya, kada a ajiye ta da harsashi a ciki. Bindiga daban, harsashi daban, kowanne a kulle, makulli kuma a jikinsa. Ƙarƙashin katifa ko bayan ƙofa ba maɓoya ba ce, babu lungun ɗakin da yaro bai sani ba. Na biyu, kada ɗanki ɗan shekara 14 ya taɓa ta, ko da sunan koyo, kada kuma ya ba abokansa labari, don bindiga na cikin abin da ɓarayi ke zuwa nema. Malamai sun karantar da mu cewa addini ya hana a nuna ɗan'uwa da makami ko da wasa ne. Na uku, in maigida mai zafin zuciya ne, ko yana dukanki, ko kin ga damuwa ta yi masa yawa tun bayan wata asara, kada ki yi shiru, ki sanar da magabatanki tun wuri.

Akwai kuma wani gargaɗi musamman ga ku mazauna bakin iyaka. Kada ki karɓi ajiyar buhu ko jarka ko kwali da ba ki ga abin da ke ciki ba, ko daga hannun ɗan'uwa ne. An sha kama mata da harsasai a cikin kaya, saboda masu safarar sun san ba a cika binciken mace ba. Ranar da asiri ya tonu, mai kayan ya gudu, ke za a tafi da ke.

'Yar'uwata ta Farfaru, in maigida ya sake kawo miki misali da Amurka, ki ce masa kin ji, amma yaƙin nan har da kakanninmu aka ci shi, bindigar kuma su kansu Amurkawa suna binne 'ya'yansu saboda ita. Hukuncin gida nasa ne, shawara kuwa haƙƙinki ce, tunda ke ce mai raino.

Allah ya kawo mana ƙarshen wannan masifa, ya kuɓutar da waɗanda ke hannun ɓarayi, ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, na Bama da na dazukanmu. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A gaida maigida, a shafa mini kan yara. Wassalamu alaikum.