Dabbar da fatarta ke warkewa ba tabo: me masu bincike ke nema a jikinta?

Duk wanda ke buga Minecraft ya san axolotl, 'yar dabbar nan ta ruwa mai fuska kamar tana murmushi, wadda aka saka a wasan a 2021. Ba ƙirƙirar masu wasan ba ce. Tana rayuwa a tafkin Xochimilco da ke birnin Meziko, kuma duk da siffarta ta ƙadangare, dangin kwaɗo ce. Abin da ya ja hankalin likitoci gare ta shi ne, in aka yanke ta, fatarta kan dawo yadda take, babu tabo. Ko ƙafa ta rasa, wata za ta fito da ƙashinta da jijiyoyinta.

A nan Kano wannan ba ƙaramar magana ba ce. Da hunturu ya kama, ƙunar ruwan zafi da ta garwashi kan yawaita a gidaje, ga ƙunar salansar babur, ga haɗarin hanya. Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da ke titin Zariya, daura da Gyadi-Gyadi, da Asibitin Ƙashi na Dala duk suna karɓar masu irin waɗannan raunuka. Tabon ƙuna kuwa bai tsaya ga muni ba: yakan ɗaure gwiwar hannu ko yatsu har su ƙi miƙewa, tela ko mai gyaran waya ya rasa sana'arsa. Ga kuma tabon nan mai tasowa ya wuce girman ciwon, wato kiloyid, wanda ya fi damun baƙar fata.

Me ya sa muke yin tabo?

Jikin ɗan Adam sauri yake yi ya toshe rauni kafin ƙwayoyin cuta su shiga. Wasu ƙwayoyin halitta ne ke zuba zaren kolajin a wurin. A lafiyayyar fata zaren nan a saƙe yake kamar tabarma, amma a tabo a jere yake, duk ya fuskanci gefe ɗaya. Shi ya sa tabo ba ya fitar da gashi, ba ya gumi, kuma ƙarfinsa ba ya wuce kusan kashi 80 cikin ɗari na fatar asali. Masu rubuta manhaja sun san irin wannan aiki: facin gaggawa ne da ke hana manhaja faɗuwa, amma ya bar ta da nauyi.

Axolotl ta bi wata hanyar. A 2012, Ashley Seifert da abokan aikinsa a Jami'ar Florida sun nuna cewa fatar saman raunin nata kan rufe da wuri, amma zuba kolajin kan jinkirta, sai a sake saƙa fatar a tsanake har da ƙananan gland ɗinta. A 2013 kuma, James Godwin a Jami'ar Monash ta Ostireliya ya cire wasu ƙwayoyin garkuwar jiki da ake kira makrofaj daga jikin dabbar. Sai ƙafar da aka yanke ta ƙi fitowa, dungulmin ya yi tabo irin namu. Ashe garkuwar jiki na cikin masu yanke hukuncin ko a yi faci ko a sake gini.

Mu fa?

Abin mamaki, mu ma mun taɓa iyawa. Ɗan tayi a ciki, kafin wajen mako 24, yakan warke daga rauni ba tabo. Kamar dai umarnin yana nan a rubuce, an kashe shi ne a saiti. Akwai ma mai shayarwa da bai kashe nasa ba: ɓera mai ƙaya na Afirka. Seifert ya gano a Kenya cewa fatarsa kan dawo har da gashi, kuma hujin kunnensa kan cike. Wani danginsa na zaune a duwatsun Azbin da ke Nijar.

A 2021, ɗakin binciken Michael Longaker a Jami'ar Stanford ya gwada verteporfin, wani maganin ido, a raunin ɓeraye. Maganin ya toshe saƙon da jan fata ke aika wa ƙwayoyin da ke haɗa tabo, sai fatar ta dawo da gashinta. Amma wannan sakamakon na ɓera ne, kuma fatar mutum ta fi kauri da tauri.

Kafin binciken ya iso

Don haka in ka ga talla a TikTok ko Facebook na man da ke goge tabo cikin mako guda, riƙe kuɗinka. Abin da manyan jami'o'i ke ta fama da shi shekara da shekaru ba ya cikin kwalbar da ake aikowa ta tashar Unguwa Uku. Mai kiloyid kuma kada ya yarda a yanke masa a gida ko wajen wanzami, domin yakan dawo ya fi na da.

Abin da ke hannunka shi ne mintocin farko. In an ƙone, a sa wurin a ƙarƙashin ruwa mai sanyi, ba ƙanƙara ba, na minti 20. A cire zobe ko agogo kafin kumburi. Kada a shafa makilin, ɗanyen ƙwai, gishiri ko baƙin mai. A rufe da tsumma mai tsabta. In ƙunar ta taɓa fuska, hannu ko gaɓa, ko yaro ne ya ƙone, a wuce asibiti a ranar. Ciwon da ya daɗe bai rufe ba, ko ya yi ruwa, shi ya fi barin babban tabo.