JOTUN: Yadda Mai Shagon Fenti Ya Kai Kayansa Ƙasashe Fiye Da 100

A cikin shekarar 1920 wani saurayi mai suna Odd Gleditsch ya buɗe shagon sayar da fenti a garin Sandefjord, wani ɗan ƙaramin gari da ke bakin teku a kudancin ƙasar Norwe. A wancan zamani arzikin garin ya dogara ne a kan jiragen ruwa masu zuwa can ƙarshen kudancin duniya don farautar manya-manyan kifayen teku waɗanda ake tatsar mai daga kitsensu. Shi kansa Gleditsch ya taɓa yin aiki a cikin irin waɗannan jirage, saboda haka ya san irin ɓarnar da ruwan gishiri ke yi wa ƙarfe, ya kuma san cewa duk lokacin da jiragen suka komo gida sai an kankare su an sake shafe su da fenti.

Da ciniki ya kankama, sai ya ga cewa ribar da ke hannun mai sarrafa kaya ta fi ta mai sarowa ya sayar. A shekarar 1926 shi da abokan haɗin gwiwarsa suka kafa kamfanin Jotun, suka soma haɗa fentin da kansu. A 1931 kuma kamfanin ya fito da Arcanol, wani fenti mai hana tsatsa, wanda ya samu karɓuwa ƙwarai wurin masu jiragen ruwa. Tsuntsun fengwin da ke jikin tambarin kamfanin har yau, alama ce ta yankin ƙanƙarar da waɗancan jirage ke zuwa farauta.

Domin a fahimci dalilin da ya fitar da kamfanin daga gida, sai an dubi yanayin sana'ar. Fentin jirgin ruwa aiki biyu yake yi. Na farko shi ne kare ƙarfe daga tsatsa. Na biyu shi ne hana gansakuka da ƙananan halittun teku maƙalewa a ƙarƙashin jirgi, domin idan suka taru sukan rage masa gudu, su kuma sa ya riƙa shan mai fiye da kima, alhali kuwa mai na cikin manyan abubuwan da ke cin kuɗin mai jirgi. Shi kuma jirgi ba ya zama wuri ɗaya. Wanda aka ƙera a Japan yana iya shiga gyara a Singafo ko Dubai, kuma mai shi yana son ya tarar da irin fentin da ya saba da shi a duk tashar da ya tsaya. Bugu da ƙari, fenti kaya ne mai nauyi, kuɗin dako da na kwastan sukan cinye ribarsa idan an ɗauko shi daga nesa. Ke nan duk mai son riƙe abokan cinikinsa, dole ya kafa masana'anta kusa da su.

Ana cikin haka sai kasuwar gida ta soma ja da baya. Kifayen da ake farauta suka yi ƙaranci, kuma zuwa 1968 jiragen Norwe sun daina zuwa farauta a kudancin duniya. Kafin hakan ta faru, ɗan mai kamfanin, wanda shi ma sunansa Odd Gleditsch, ya riga ya hango wata kasuwa a Afirka ta Arewa. An gano man fetur mai yawa a Libiya a 1959, gine-gine suka soma tashi, don haka a 1962 Jotun ya buɗe masana'antarsa ta farko a ƙetare a wannan ƙasa. To amma bayan juyin mulkin 1969 wanda ya kawo Mu'ammar Gaddafi kan mulki, gwamnati ta shiga karɓe dukiyar kamfanonin waje, sannu a hankali masana'antar ta fita daga hannun Jotun.

Wannan hasara ba ta sa kamfanin ya koma gida ya naɗe hannu ba. Abin da ya koya a Libiya game da haɗa fentin da zai jure zafin rana da ƙura, da kuma yadda ake hulɗa da hukumomi da 'yan kasuwar wata ƙasa, shi ya yi amfani da shi a sauran wurare. Ya buɗe masana'anta a Tailan a 1968, sa'an nan a Dubai a 1975, wato shekara biyu bayan tashin farashin mai na 1973, lokacin da ƙasashen Larabawa suka shiga gina tashoshin jiragen ruwa, matatun mai da gidaje. A shekarun 1980 ya shiga Saudiyya, Oman, Masar da Malesiya. A yawancin waɗannan wurare ya haɗa jari ne da 'yan ƙasa, su suna kawo sanin kasuwa, shi kuma yana kawo fasaha da suna.

A gida kuwa, gasa ta yi tsanani har ta kai ga manyan masu yin fenti huɗu na Norwe suka haɗe a 1972 a ƙarƙashin sunan Jotun. Amfanin wannan haɗewa ya fito fili bayan shekara huɗu. Ranar 15 ga Satumba, 1976, gobara ta tashi a babbar masana'antar kamfanin da ke Sandefjord, mutum 6 suka rasa rayukansu, masana'antar ta ƙone ƙurmus. Abin da ya ceci kamfanin shi ne sauran masana'antun da ya samu ta hanyar haɗewar, waɗanda suka ci gaba da aiki har aka sake gini. A wannan shekara ce kuma ya fito da Multicolor, na'urar da ke haɗa launin fenti nan take a cikin shago, wadda ta sauƙaƙa wa dillalai ajiye kaya, tun da ba sai sun tara gwangwanaye na kowane launi ba.

Wata jarrabawar kuma daga dokokin kare muhalli ta zo. Shekaru da dama masu yin fentin jirage suna amfani da sinadarin TBT don hana halittun teku maƙalewa, har aka tabbatar yana kashe halittun da ba su ji ba ba su gani ba. Hukumar kula da sufurin teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar haramta shi a 2001, yarjejeniyar ta soma aiki a 2008. Jotun bai jira an tilasta masa ba, tun a shekarar 2000 ya fito da SeaQuantum, fentin da babu wannan sinadari a cikinsa. Haka kuma da aikin ƙera jirage ya koma Asiya, inda Sin, Koriya ta Kudu da Japan ke ƙera fiye da kashi 90 cikin ɗari na manyan jiragen duniya, kamfanin ya bi su can, ya haɗa gwiwa da Chokwang a Koriya da kuma COSCO a Sin.

A yau harkokin Jotun sun kasu kashi huɗu: fentin gidaje, na jiragen ruwa, na kare manyan gine-ginen ƙarfe kamar gadoji da dandamalin haƙar mai a teku, da kuma fentin gari wanda ake fesawa a gasa shi a jikin ƙarfe. An yi amfani da kayansa a dogon benen Burj Khalifa na Dubai da tagwayen benayen Petronas na Malesiya. Yana da ma'aikata fiye da 10,000, kuma a 2023 cinikinsa ya haura kurona miliyan dubu 31, wato kuɗin Norwe, akasari daga ƙasashen waje.

Duk da wannan girma, hedkwatar kamfanin tana nan a Sandefjord, kuma ba a sayar da hannayen jarinsa a babbar kasuwar hannun jari ta Oslo. Kamfanin Orkla yana riƙe da fiye da kashi 42 cikin ɗari, amma zuriyar Gleditsch ce ke da rinjayen ƙuri'a. Wannan tsari ya ba shi damar jiran sabuwar masana'anta ta yi shekaru kafin ta soma kawo riba, abin da ke da wuya ga kamfanin da masu jari ke matsa masa lamba kowane wata uku.

Ga 'yan kasuwarmu masu tunanin tashi daga saye da sayarwa zuwa sarrafa kaya, ko kai harkarsu maƙwabtan ƙasashe, akwai abin lura a nan. Gleditsch ya soma ne da kayan da ya san masu sayensu ido da ido, magadansa kuma suka riƙa bin waɗannan masu saye duk inda suka koma. Sun yi hasarar masana'anta a Libiya, gobara ta cinye wata a gida, amma a duka lokutan biyu akwai wata masana'antar da ke aiki a wani wuri, kuma ita ce ta riƙe kamfanin.