Tarar Hayaniya: A Gaban Wa Wanda Aka Ci Zai Yi Magana?

A damunar bara na yi abin da ban taɓa yi ba: na kai ƙarar maƙwabcina. Dattijo ne mai injin markaɗe, shagonsa na jingine da bangon ɗakin kwanana. Saboda mata masu ƙosai da koko na son ƙullunsu ya fito kafin gari ya waye, yakan tayar da injin tun kafin kiran assalatu. Sau biyu ina yi masa magana, yana ba ni haƙuri, amma ba abin da ya sauya. Da tura ta kai bango na tafi sakatariyar ƙaramar hukuma na rubuta koke.

Bayan kwana huɗu ma'aikata uku suka zo da rana tsaka, injin ma a kashe yake. Ba su auna komai ba, ba su tambayi kowa komai ba. Suka cire bel ɗin injin, suka ce sai ya biya tarar naira dubu ashirin kafin a mayar masa. Ya ranto ya biya. Bai ga rasit ba.

Da la'asar sakaliya ya same ni a ƙofar gida. Bayan mun gaisa ya ce, "Malam, an ce kai ka kai ni. Ban ce ba ni da laifi ba. Amma da an tambaye ni, ina da abin faɗi."

Na ce, "Baba, to me za ka faɗa?"

Ya ce wuta ba ta zuwa layinmu sai tsakar dare. In ya jira hantsi, dole ya kunna injin fetur, ribar ranar kuma ta ƙare a gidan mai. Na kai shekara huɗu ina zaune kusa da shi, ban taɓa haɗa waɗannan abubuwa biyu ba.

Har yau ina ganin ina da haƙƙin barci, ban kuma janye kokena ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne an saurare ni, shi ba a saurare shi ba, kuma babu wata ƙofa da zai ƙwanƙwasa ya ce a sake duba lamarin. Hausa ta haɗa amo da koke a kalma guda, duka ƙara muke ce musu, har ma da ɗaukaka ta. Ƙarar injinsa ta kai shi gaban hukuma, amma bai san inda zai ɗaukaka tasa ƙarar ba. Wannan ya sa na shiga bincike kan yadda wasu birane ke warware irin wannan ƙulli, kuma ban sami wanda ya daɗe yana kokawa da shi kamar birnin New York na Amurka ba.

Tun 1972 birnin ya yi dokar hana hayaniya. An yi mata garambawul a 2005 zamanin magajin gari Michael Bloomberg, sabuwar ta fara aiki ranar 1 ga Yulin 2007. Abin da ya fara jan hankalina shi ne dokar ba ta bar kalmar "hayaniya" a hannun son ran jami'i kaɗai ba, ta yanka iyakoki da lambobi. Kiɗan gidan abinci ko na shaƙatawa bai kamata ya wuce desibel 42 ba idan an auna shi daga cikin ɗakin maƙwabci, wanda kusan gunjin firji ne a ɗaki shiru. Aikin gini daga bakwai na safe ne zuwa shida na yamma a ranakun aiki, wanda zai wuce haka sai ya nemi izini. Kare ba zai yi ta haushi fiye da minti goma a jere da rana ba, da dare kuwa, daga goma zuwa bakwai na safe, minti biyar. Hatta motar mai sayar da askirim an yarda ta kaɗa waƙarta ne kawai tana tafiya, da ta tsaya sai ta kashe. Mai koke yana kiran lamba 311, wadda aka buɗe a 2003, sannan 'yan sanda ko ma'aikatan Sashen Kare Muhalli na birnin su bi sawu gwargwadon irin amon.

Inda darasin yake shi ne abin da ke biyo bayan zuwan jami'i. Ba ya karɓar kuɗi a hannu. Sammaci yake rubutawa, ɗauke da sashen dokar da ake zargin an karya da ranar zaman sauraro. Wurin sauraron kuma ba ofishin da ya rubuta sammacin ba ne. Hukuma ce ta dabam mai shari'o'in gudanarwa, wadda ake kira OATH a taƙaice, an kafa ta a 1979, kuma a 2008 aka mayar da Hukumar Kula da Muhalli mai yanke hukunci kan irin waɗannan laifuffuka ƙarƙashinta. Mai sauraron ƙarar lauya ne wanda ba ya karɓar umarni daga sashen da ya kawo zargi. Wanda ake tuhuma ba sai ya ɗauki lauya ba. Yana iya kare kansa ta waya ko a rubuce, ya kawo hotuna da shaidu, kuma idan ba ya jin Turanci ana ba shi tafinta kyauta. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga 'yan Afirka ta Yamma masu shaguna da gidajen abinci a Harlem da Bronx, waɗanda a cikinsu akwai Hausawan Nijar da na zangunan Gana.

Idan hukuncin bai yi wa mutum daɗi ba, yana da kwana 30 ya ɗaukaka ƙara a rubuce, ko 35 in ta gidan waya aka aiko masa da hukuncin. Sashen da ya yi zargin ma yana da wannan dama idan aka kori ƙararsa. Hukumar da ke da ta cewa a ƙarshe mambobinta 13 ne: shugaba, da kwamishinoni shida na ma'aikatun birni, da mutum shida daga cikin jama'a, ciki har da masani kan hayaniya da wakilin 'yan kasuwa. Wanda har yanzu bai gamsu ba yana da wata huɗu ya garzaya kotun jiha.

Kada mai karatu ya ɗauka aljanna nake siffantawa. Akwai abubuwa biyu a tsarin da ba su kwanta mini ba. Na farko, a ƙa'ida sai mutum ya biya tarar kafin a karɓi ɗaukaka ƙararsa, sai dai in ya nemi a ɗage masa saboda rashin hali, ya kuma kawo takardun shaida. Idan ya yi nasara a mayar masa da kuɗinsa. Ga babban kamfani wannan ba komai ba ne, amma ga mai ɗan shagon aski jarin mako ne aka ɗaure. Na biyu, sammacin da jami'i ya rubuta bisa rantsuwa ana ɗaukarsa hujja tun daga farko, nauyin rushe shi yana kan wanda ake tuhuma, kuma wanda bai amsa ba a ranar da aka sa, ana yanke masa hukunci a bayan idonsa, galibi da tara mai tsanani. Baƙon da bai fahimci takardar da aka liƙa masa ba shi ne ya fi faɗawa wannan rami. Duk da haka, akwai hanyar neman a sake buɗe shari'ar, kuma ofishin yana da wurin taimaka wa marasa lauya.

Abin da ya fi nuna mini amfanin wurin sauraro shi ne rikicin da ya ɓarke a 2023. Dokar birnin ta daɗe da ba kowane ɗan gari damar kai ƙarar mai hayaniya, ta kuma yi masa alkawarin lada: kashi 25 cikin 100 na tarar idan hukuma ce ta bi shari'ar, rabi idan hukuma ta ƙyale shi ya bi da kansa. Shekaru da yawa ba wanda ya kula da wannan sashe. Sai wasu 'yan tsirarun mutane suka gano shi, suka haɗa shi da wani sashe da ya hana 'yan kasuwa kunna lasifika a waje domin talla. Suka shiga bin tituna da wayoyinsu suna ɗaukar bidiyon shaguna da gidajen abinci, suna shigar da ƙara bayan ƙara, tarar farko dala 440, ta gaba ta fi ta. Wasu masu shaguna sai dai suka ga sammaci da yawa sun iso musu a tare, kan ranakun da suka wuce da watanni, ba tare da an taɓa ce musu su rage sauti ba. Masu kai ƙarar suka ce doka suke ɗabbaƙawa tunda hukuma ta yi barci, kuma akwai ƙamshin gaskiya a maganarsu. 'Yan kasuwa suka ce farautarsu ake yi.

A zauren sauraron aka yi ta tafka muhawara kan tambaya guda: kiɗan da aka sa wa masu cin abinci a bakin titi talla ne ko nishaɗin wanda ya riga ya zauna? Da yake kowace ƙara tana da lamba, kowane hukunci kuma a rubuce yake, 'yan jarida suka iya ƙirgawa suka ga mutane nawa ne ke bayan tulin ƙararrakin da kuma nawa suke kwasa. A Disambar 2023 majalisar birnin ta zartar da doka ta mayar da ladar ƙarar hayaniya dala biyar, ko goma ga wanda ya bi shari'ar da kansa. Kasuwar ta mutu murus. Da a ce tarar a hannu ake karɓa a bakin shago, kamar yadda aka yi wa maƙwabcina, da ba wanda zai san abin da ke gudana, balle a gyara.

Akwai wani misali da zai fi kusa da zuciyar masu karatunmu. A Agustan 2023 magajin gari Eric Adams ya sanar cewa masallatai na iya kiran salla da lasifika ranar Juma'a tsakanin sha biyu da rabi zuwa ɗaya da rabi na rana, da kuma lokacin buɗa-baki a watan Ramalana, ba tare da neman izini ba, muddin sautin bai haura desibel 10 a kan amon da ke wurin tun asali ba. Wani zai ce an taƙaita, kuma lallai an taƙaita. Amma liman ya san iyakarsa, maƙwabcin da ba Musulmi ba ya san tasa, kuma in an yi saɓani akwai ma'auni da za a koma gare shi.

Mu ma ba mu rasa doka ba. Hukumar NESREA, wadda aka kafa a 2007, ta fitar da ƙa'idojin hana hayaniya a 2009, da iyakokin sauti na rana da na dare. Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba ƙananan hukumomi ikon sa ido kan shaguna da gidajen abinci da tallace-tallacen waje. Sashe na 36 na kundin ya tabbatar wa kowa haƙƙin a saurare shi kafin a yanke masa hukunci. Akwai kuma Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a tun 1975, ga kotunan majistare. Sai dai ka gaya wa mai markaɗe ya ɗauki lauya kan naira dubu ashirin, ai ka ce ya sayar da akuya ya sayi igiya. Shi ya sa tarar hayaniya a wurinmu take sauka kan mai injin niƙa, da mai walda, da yaron da ke tura baro yana tallar maganin gargajiya da lasifika, ta tsallake gidan bikin da DJ zai kwana yana girgiza unguwa, da ƙaton janareton mai hali, da motar kamfen ɗin ɗan siyasa. Jami'i ya san wanda zai iya ɗaga waya ya kira wani, ya kuma san wanda ba shi da kowa.

Abin da nake nema daga shugabannin ƙananan hukumominmu bai kai girman abin da na bayyana ba. A hana jami'i karɓar kuɗi a wurin laifi, ya bar takarda mai lamba da ke cewa ga laifin, ga lokacin, ga ranar da za a saurare ka. A fara da gargaɗi kafin tara. A kafa ɗan kwamiti da zai zauna ko sau biyu a wata a sakatariya, a sa lauya ɗaya, da ma'aikacin duba-gari wanda ba shi ya rubuta takardar ba, da wakilin hakimi, da wakilin masu sana'a, a yi zaman da Hausa a bainar jama'a, a rubuta hukunci a littafi. Na'urar auna sauti ba ta kai kuɗin tayar motar ciyaman ba. Kuma ina roƙon kada mu kwaikwayi sharaɗin biya kafin ɗaukaka ƙara, ba zai dace da aljihun mutanenmu ba, haka nan kada a ƙwace kayan sana'ar mutum kafin a ji ta bakinsa. Na san za a ce kwamiti ma ana iya saye shi. Gaskiya ne, amma sayen mutum huɗu a gaban jama'a ya fi wuya a kan sayen mutum ɗaya a lungu.

Ni da maƙwabcina a zauren mai unguwa muka ƙare. Aka yi yarjejeniya ba zai tayar da inji ba sai an idar da sallar asuba, masu ƙosai su riƙa kawo wakensu da daddare a markaɗa kafin goma idan akwai wuta, ni kuma na sayi tsofaffin tayoyi da katako aka ɗora injin a kai aka janye shi daga jikin bango. Zaman bai kai awa guda ba. Da muka fito na miƙa masa rabin abin da aka ci shi, ya ƙi karɓa. Ya ce, "Malam, bar kuɗinka. Ni dai in za ka sake rubuta musu takarda, ka tambayar mini su asusun da nawa suka shiga."