ƘIRƘIRARRIYAR BASIRA DA TAKARDUN SIRRI NA OFIS

A kowane ofis akwai takardun da ba a rubuta su da garaje: takardar tuhuma, da ta gargaɗi, da ta canjin wurin aiki, da ta sallama. Kowace ɗaya daga cikinsu tana taɓa abincin mutum da mutuncinsa. A da, shugaban sashe shi yakan tsara su da hannunsa, amintaccen akawu ya buga a tafireta, a sa cikin fayil a kulle. Amma tun daga watan Nuwamba na 2022, lokacin da kamfanin OpenAI na Amurka ya fito da ChatGPT, al'amarin ya sake. Yanzu ma'aikacin sakatariyar Ƙaramar Hukumar Awe a Jihar Nasarawa yana iya samun tsararriyar wasiƙa a wayarsa cikin minti ɗaya, daidai da takwaransa na Abuja. Saboda haka ya wajaba kowane ma'aikaci ya san iyakar wannan na'ura.

YADDA TAKE AIKI

Ƙirƙirarriyar basira manhaja ce da aka horar da ɗimbin rubuce-rubuce, har ta iya kintatar kalmar da ta dace ta biyo wata. Tana gyara nahawu, tana taƙaita dogon bayani, tana kuma sassauta zafin harshe. Sai dai ba ta ga fayil ba, ba ta ga rajistar zuwa aiki ba, ba ta kuma san wanda ake tuhuma ba. Bugu da ƙari, abin da aka rubuta mata ba a cikin waya yake tsayawa ba. Yana tafiya ta intanet zuwa manyan kwamfutocin kamfanin, waɗanda galibi suke ƙasashen waje, inda ana iya adana shi.

TSARE SIRRI

Hausawa sun ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Dokar Sirrin Gwamnati ta 1962 ta hana miƙa takardun sirri ga wanda ba shi da izini. Haka kuma Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta ɗora wa kowace hukuma nauyin tsare bayanan mutanen da ke hannunta, ta kuma ba bayanin lafiyar mutum kariya ta musamman. Ko manyan kamfanoni sun ga illar sakaci: a 2023 kamfanin Samsung na Koriya ta Kudu ya hana ma'aikatansa amfani da irin wannan manhaja a na'urorin aiki, bayan wasu injiniyoyinsa sun zuba mata bayanan sirri.

Don haka kada a sa mata suna, ko lambar fayil, ko albashi, ko ciwon da ke damun ma'aikaci. Cire suna kaɗai ma bai wadatar ba. A ƙaramin gari kamar Tunga ko Azara, ambaton muƙamin mutum da wurin aikinsa ya isa a gane shi. Abin da ya fi shi ne a nemi tsarin wasiƙa kawai, sa'an nan a cike gurabe a ofis.

GASKIYAR ABIN DA AKA RUBUTA

Manhajar takan ƙago abin da babu shi, ta kuma faɗe shi kamar tabbas. A watan Yuni na 2023 wata kotun tarayya a birnin New York ta ci wasu lauyoyi biyu da kamfaninsu tarar dala 5,000, don sun gabatar da shari'o'in ƙarya da ChatGPT ta ƙaga. Irin wannan kuskure a takardar tuhuma yana da hatsari ƙwarai. Sashe na 36 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowa haƙƙin a saurare shi bisa adalci, ka'idojin aikin gwamnati kuwa sun bukaci a bayyana wa ma'aikaci laifinsa a rubuce, a ba shi damar kare kansa. Alal misali, idan takarda ta ambaci ranar fashin aiki da ba ta cikin rajista, ko ta kawo lambar ka'idar da babu ita, to ko dai a zalunci marar laifi, ko kuwa hukunci ya rushe a Kotun Ma'aikata ta Ƙasa. Wajibi ne a gwada kowace rana da kowace ka'ida da ainihin takardunsu.

LAFAZI DA LADABI

Mutanen Awe, da suka daɗe da sana'ar gishiri, sun san kaɗan ke gyara miya, da yawa kuwa ya ɓata ta. Haka lafazi yake. Gargaɗin da aka lulluɓe da zaƙin baki ba ya gargaɗi, wanda aka cika da kaushi kuwa ƙiyayya yake haifarwa. Manhaja ba ta san cewa wanda za a aika wa takardar dattijo ne da ya kusa ritaya ba, ko kuwa yana cikin zaman makoki. Har ila yau, labarin sallama ko ragin muƙami ya kamata shugaba ya fara faɗa da bakinsa cikin sirri, kafin takarda ta biyo baya.

WA KE DA ALHAKI?

Magana zarar bunu ce, rubutacciya kuwa takan zauna cikin fayil har ƙarshen aikin mutum. Ba a kiran na'ura gaban kwamitin ladabtarwa, wanda ya sa hannu shi ake kira. Saboda haka ana jan hankalin shugabannin ofisoshi da su fitar da rubutaccen umurni kan wannan al'amari, ma'aikata kuma su karanta kowace takarda kalma bayan kalma kafin su sa hannu.